Jif Mai Dundumi

Ranakun aiki da yawa sun zube mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka dawo mini da tsohuwar jif ɗin nan karo na uku ba. Wata Laraba ce cikin daminar 1972, shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, kowane direba a Jimeta yana tafe a ɗarare kamar baƙuwar kaza. Lokacin ina gyaran wayar mota a garejin wata ma'aikata, atizan mai daraja ta uku. Kada sunan ya ruɗe ku, ta uku ita ce ta ƙasa, daga ni sai lebura. Aji biyu na yi a elementare, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya.

Ku yaran yanzu ba ku san kati ba, bari in gaya muku. Direba zai kawo ƙorafi, foman ya rubuta a kati, atizan ya yi gyara ya rubuta abin da ya tarar, a kai wa injiniya ya sa hannu. In mota ta dawo sau uku a kan ciwo ɗaya, to motar ta fita daga zargi, saura mutum. Ko a ba atizan kweri, wato takardar tuhuma, ko a tura direba gwajin likita. Wanda ya faɗi gwajin an raba shi da sitiyari ke nan, sai gadin ƙofa in ya yi sa'a.

Direban jif ɗin Bappa Hammadu ne, dattijo ɗan cikin garin Yola, ya fi shekara ashirin yana tuƙi, saura kaɗan ya yi ritaya. Shi ke kai malaman dabbobi rugage yi wa shanu allura. Ƙorafinsa ɗaya ne: wutar dashbod ta dushe, in magariba ta yi ba ya ganin mita. Ba ƙaramin abu ba ne, don motocin zamanin in ba ka ga allurar zafi tana hawa ba, sai dai ka ji injin ya ƙone.

Karon farko na tarar da ƙwayayen fitilar sun yi baƙi, na canza. Karo na biyu na kwance dashbod ɗin gaba ɗaya, sai ga zanzaro ya gina gidansa na laka a bayan mita, daidai inda haske ke shiga. Na rushe masa gida, na kankare tsatsar wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, da sandfefa, na wanke ɗan maɓallin da ake murzawa a ƙara haske. Na yi ta cika baki a gareji har kwana biyu.

Ranar Larabar kuwa foman ne ya kawo katin da kansa. Mista Yohanna, mutumin wajen Numan, kullum rigarsa cikin wando kamar dangin wanda na rushe wa gida.

Ya ce, "Buba, motan nan ya sake dawowa. Ƙarfe huɗu zai hau jirgin fito da malamai uku, sai sun kai Gombi za su kwana. Ka gyara shi, ko ni in gyara ka."

Na duba rana, sha biyu ta gota. Bappa na zaune a kan tsohuwar taya yana ɓare goro. Bakina da ba ya zama lafiya ya ce, "Bappa, anya motarka ba dundumi take yi ba? A saya mata hanta mana!"

Dundumi, ga wanda bai sani ba, ciwon ido ne, mutum na gani garau da rana amma duhu na farawa sai lalube. Tun muna yara maganinsa da muka sani gasasshiyar hanta. Gareji ya ɗauki dariya. Bappa, wanda kullum shi ke rama mini da wadda ta fi zafi, sai kawai ya mai da goron aljihu ya tashi. Ni ko a jikina, hankalina na kan kweri.

Na sake bin waya tun daga batir. Na gwada fis, na gwada dinamo, na ciji yatsa, na zagi zanzaro da kakanninsa. Komai lafiya. Aka kira azahar, na yi sallar da ni kaina ban san me na karanta ba. Kowane minti goma sai Mista Yohanna ya wuce yana duba agogo, bai ce mini komai ba, da ma zagina ya yi da ya fi sauƙi.

Wutar dashbod ba a gane ta da rana, ni kuma ba ni da lokacin jiran duhu. Sai na jawo katon tamfol na babbar mota, muka lulluɓe jif ɗin ruf, na ce Bappa ya shigo mu gani tare. Ciki zafi kamar tanda. Na kunna. Wallahi mita uku suka haska tar, har ƙurar da ke kan gilashin ina gani.

"Yanzu fa, Bappa?"

"Bai fito ba. Kamar jiya yake."

Raina ya ɓaci. Shaiɗancina ya motsa, na cire hulata na kife ta a kan mitar zafi. Na ce, "To duba da kyau, allurar zafi tana ina?"

Ya sunkuya har numfashinsa na taɓa hannuna. Ya ce, "Yana tsakiya, inda ya saba zama."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Malaman dabbobi sun sha cewa jif ɗin nan ba ta lalacewa sai gab da magariba, Bappa ya ce ta yi zafi, a kwana a rugar da aka samu. In kuwa tafiya ta zama dole, sai ya liƙe wa wutar bayan wata mota kamar kaska.

Na ce a hankali, "Bappa, hulata ce a wurin."

Can ya ce, "Tun bara. Na ɗauka in ka ƙara wuta zai isa." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Buba, babana mai doki ne, ni mai mota. Kana so yaran unguwa su gan ni da sanda a bakin ƙofa ina buɗe wa sa'o'in 'ya'yana?"

Na ce, "Hanyar Gombi fa, cikin ruwa, da mutum uku a bayanka?"

"Na san hanyan kamar ɗakina."

"Ɗakin naka ma sun canza masa hannun tuƙi bana."

Ya saki hannuna.

Muka fito ƙarfe uku da rabi. Na ɗauki kati da fensir na tsaya bayan gareji, na zauna, na tashi, na sake zama. In na rubuta na kasa, kweri tawa ce, wannan zan iya haɗiyewa, amma Bappa zai ɗauki mutane ya shiga duhu. In na rubuta mota lafiya, injiniya zai tura shi gwaji. Ga shi Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Da na ji jirgin fito ya yi ƙaho daga bakin Binuwai, sai na rubuta da Hausata mai karkatattun baƙaƙe: "Wuta ta gyaru. Mota ba za ta yi tafiyar magariba ba sai direba ya ci hanta."

Mista Yohanna ya karanta sau biyu. Ya dubi Bappa, wanda ke goge gilashin da ba shi da datti. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wane irin rubutu ne wannan, kamar kaza ya bi ta kan kati? Ni ba zan kai ma injiniya wannan abin kunya ba!"

Ya ninke katin ya sa a aljihu. Nan take ya ba wani direba tafiyar Gombi, ya ce daga gobe Bappa zai koma ɗaukar takardu tsakanin Jimeta da Yola, aikin da ake tashi tun la'asar. Da zai wuce ya rage murya ya ce masa, "Baba, gobe ka je asibiti da ƙafanka, kafin a aike ka da takarda."

Bappa ya je. Suka ba shi wasu ƙwayoyi masu ƙarnin kifi, idon ya ɗan yi dama, amma bai sake tuƙi bayan faɗuwar rana ba. Ni kuma bai sake amsa gaisuwata ba har bayan babbar salla.

Ranar da ya yi ritaya, da makullin mota a hannunsa ya miƙa shi, ba sandar gadi ba. Ya biyo ta wurina ya ajiye mini ƙunshi a kan benci. Na buɗe, tsiren hanta ne, da zafinsa.

Ya ce, "Ci, kai ne mai dundumin. Sau uku ina zuwa gabanka da rana tsaka, ba ka gan ni ba."

Na cinye tas, ban ba kowa ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini mota ya ce wutar dashbod ta dushe, nakan bi ƙwai, in bi at, in bi maɓalli kamar yadda aka koya mini. Amma kafin in ɗauki sukundireba sai na zaunar da shi kusa da ni, mu dubi mitar tare. Wayar ba a bayan mita take ƙarewa ba, sai ta kai idon mai tuƙi, kuma mutum ya fi saurin kawo ƙarar motarsa a kan ya kawo ta kansa.