Na Sayar da Tunkiyata Na Sayi Garin Asai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya ko wayata ce ta ɓace, tana nan. Ni ce na kusa tafiya.

Ciki gare ni a lokacin, na uku. Biyun farko duk sun zube, shi ya sa wannan ko tari na yi sai na dafe mara.

Yana shiga wata biyar jiri ya fara. In na sunkuya zan hura wuta, sai tsakar gida ta juya a hankali kamar faifai. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Ga kwaɗayin farar ƙasa, har laɓewa nake bayan rumbu ina ci.

A wajen awo aka ce jinina ya yi ƙasa, aka ba ni jajayen ƙwayoyin nan. Tashin zuciya suke sa ni. Kwana huɗu na sha, na cusa sauran ƙarƙashin katifa.

Kun san mu a Mabai, duk abin da ya yi ja to jini ne. Mace ta yi fari fat, sai a dafa mata zoɓo da karan dafi. Ni kuma 'yar boko mai waya, na ce na gano wanda ya fi su. A wani bidiyo na ga asai, 'ya'yan wata doguwar bishiya mai kama da dabino a ƙasar Burazil. Janshi har ya koma baƙi-baƙi. Na ce kai, wannan ai jini ne tsantsa!

Na sayar da tunkiyata, aka aiko mani da garin daga Kaduna a 'yar leda.

Inna, mahaifiyata, ta dangwala ta lasa. Ta ce, "Ke Hadiza, wanga ba ɗinya ba ce aka daka? Tunkiya guda?"

Ban kula ta ba. Kullum da hantsi in dama a koko, in zauna gindin ɗinyar bayan gidanmu, in lumshe ido. Sai in ga wani kogi da na gani a bidiyon, mai faɗi, ba hayaniya. Kwalekwale cike da kwanduna, ni a ciki, jariri a cinyata, ruwa na tafiya da mu. Jikina sakayau, ba nauyi ko kaɗan. Daɗi nake ji, wallahi. Na ɗauka sauƙi ne ya zo, ashe jinin ne ke ƙarewa.

Awo biyu na tsallake. Hanya ba lafiya, kuma a ganina ina da magani.

Wata Juma'a, tun asuba cikin bai motsa ba. Na miƙe zan faɗa wa maigidana, Malam Bala. Ban kai ƙofa ba.

A mota na farka, hanyar Ƙanƙara. Gonakin dawa na wucewa ta taga, ni kuwa ruwa nake gani.

A asibiti nas ta ja fatar idona ta leƙa. Ta ce, "Subhanallahi! Ina jinin?" Aka ɗiba don gwaji, aka ɗora na'ura a cikina ana neman bugun zuciyar jaririn. Shiru. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba. Can sai ga shi, ƙasa-ƙasa, kamar ana daka a wani gida mai nisa. Na fashe da kuka.

Jini leda biyu aka ce za a ƙara mani. Jinin Malam bai dace da nawa ba. Yayana Sani ya taho daga gona da taɓo a ƙafa ya ba da ɗaya, maƙwabcinmu ya ba da ɗayar.

Likitar mace ce. Na nuna mata garin ina jin kunya, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Abinci ne mai kyau. Yana da mai mai amfani, yana taimakon hanji, yana da sinadaran da ke kare jiki. Amma ƙarfen da jininki ke nema kaɗan ne a ciki. Launi ba ya ƙara jini."

Kwana shida na yi a gado. Na koma kan ƙwayoyin, ga hanta, wake da zogale.

'Yan uwana mata, don Allah ku ji ni. In ƙwayar awo na tayar maku da zuciya, ku koma ku faɗa, kada ku ɓoye ta. Kada ku kora ta da shayi. Jiri da cin farar ƙasa ba iyayin ciki ba ne, a je a gwada jini. Mai hali ta sha asai ɗinta, ta sha zoɓonta, amma ba a madadin magani ba.

Alhamdulillahi. Yaya Sani, maƙwabci, likita da nas-nas, Allah Ya biya ku. Inna, na ji, kin yi gaskiya.

'Yata Fatima ta cika wata biyu jiya. Na ɗauke ta muka zauna gindin ɗinyar, na lumshe ido ko kogin zai dawo. Bai dawo ba. Cinyata ce kawai ta sage.

Yarinyar nan nauyi gare ta.