Hanyar da Na'ura Ta Soke

Sannu-Sannu ake ce masa a gidan waya, domin tun da ya fara tuƙa motar wasiƙu ba a taɓa jin ya wuce wata mota a hanya ba, sai dai in ta lalace. Abokan aiki kan ce ko jaki ya biyo shi a baya sai ya kauce ya ba shi hanya. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Wasiƙa ai ba ta tsami."

Aikinsa shi ne ya ɗebi buhuna a babban ofis da safe, ya bi tsohuwar hanya yana sauke su a ƙananan ofisoshi, ya kwaso na can. Ofis na ƙarshe ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da kanta ta katako, da sikeli, da 'yar taga inda ake sayar da kan sarki. Jikinsa akwai wani gida mai baranda, kuma a barandar nan ya fara ganin wadda ta zama matarsa, tana taka keken ɗinki kusa da mahaifiyarta. Ya daɗe yana ƙirƙirar dalilin tsayawa. Yau inji ya yi zafi yana neman ruwa, gobe maɓallin rigarsa ya cire. Uwar ce ta gaji, ta ce wa fasmasta, mai kula da ofishin, "Ka gaya wa direban nan maɓallan gidana sun ƙare. In da magana a bakinsa, ya turo manyansa."

Aka yi aure, ya kai ta birni, suka haifi 'ya ɗaya. Yarinyar tana sakandare matar ta kwanta ciwo, ba a daɗe ba ta rasu.

A da, in ya zo sauke buhu, daga nesa yake durƙusawa ya gaida surukarsa, ita ma ta amsa tana kallon gefe. Bayan rasuwar sai kunyar ta narke da kanta. Ran da ya fara dawowa aiki, ya tarar ta ajiye kujera a baranda da kofin shayi an rufe da faranti. "Zauna, ɗana," in ji ta. "Wa ya rage mana da za mu ji wa kunya?" Daga ranar ya koma ce mata Inna. Duk zuwansa sai ya zauna kafin fasmasta ya gama buga hatimi. Ba wata hira mai tsawo suke yi ba. Wani lokaci ta ba shi labarin ƙiriniyar marigayiya tana ƙarama, wani lokaci ta yi masa faɗan ramewa, wani lokaci su yi ta kallon titi. In ta juya wuya za ta tsinke zare da haƙori, sai ya ga matarsa sak, ya sunkuyar da kai.

Sai wayar hannu ta shigo. Buhunan suka fara ramewa, wanda a da sai mutum biyu sun kama, ya koma abin da zai ɗaga da yatsa. Fasmasta ya yi ritaya, ba a turo wani ba, aka garƙame ƙofar ofishin. Babban ofis kuma ya cika da kwalaye, kayan da mutane ke saya ta waya: takalma, fitila, maganin ƙiba, har tukunyar lantarki. Aka ba Sannu-Sannu sabuwar mota da wata na'ura kamar tafin hannu. Ita ke faɗa masa inda zai bi, ita ke haska lambar kwali, in ya tsaya inda ba ta ce ba kuma sai ta kama ƙara, a can ofis ma su gani. Na'urar ba ta san da tsohuwar hanya ba. Sabon titi take sa shi bi, wanda ya kewaye garin Inna ta baya, ko rufin gidan ba a hangowa.

Ya saya wa Inna waya. Kunnenta ya yi nauyi, in ya kira sai ta yi ta cewa, "Wane ne? Ɗaga murya, kamar sauro nake ji!" Ya gwada zuwa ranar hutu a motar haya, amma sai ta tashi hankalinta da girki da shimfiɗa, ta mai da shi baƙo. Shi kuwa ba baƙunta yake kewa ba. Wucewar nan yake kewa, ya tsaya da kayan aiki a jikinsa, ya sha shayi, ya ce sai jibi. Maƙwabta suka gaya masa har yanzu takan fito da kujerar da hantsi.

'Yarsa ce ta lura ya daina cin abincin kirki. Ta girma, tana aiki a wani kantin magani. Da ya gaya mata damuwarsa, ta ce, "Baba, ba ka ce inda kwali ya nufa nan na'urar ke tura mota ba?"

"Haka ne, Uwata."

"To ai da sauƙi. Mu saya wa kaka kaya."

Ta danna waya ta yi odar sabulu da adireshin Inna. Sannu-Sannu ya aske gemu, ya goge takalmi, ya je aiki da wuri. Na'ura ta duba ta ga kwalin ƙarami ne, ta ba wa mai babur. Suka sake da tocila, mai babur ya kai. Suka sake da man zafi, wani direban ya kai. Ya je ya roƙi ogansa, ogan ya buɗe hannuwa ya ce, "Wallahi ni ma ita ke ba ni umarni. Da a hannuna ne, da kullum can za ka kwana." Inna kuwa ta aiko maƙwabcinta ya kira ya ce a bar turo sabulu haka nan, ita ba shagon wanki za ta buɗe ba.

"Sai mu sayi abin da babur ba zai iya ɗauka ba," in ji 'yar. Ta yi odar katifa.

Da safen da sunan unguwar ya fito a na'urarsa, sai da ya karanta ya sake karantawa. A ranar ne yaran ofis suka ce sun ga Sannu-Sannu ya fita daga get da gudu.

Ya tarar tsohon ofishin ya zama shagon cajin waya, an bar sikelin a gefe ana ɗora caja a kai. Inna tana baranda, ta ƙanƙance, keken ɗinkin an lulluɓe shi da zani don ido ya daina ganin ramin allura. Ta kare fuska da hannu tana kallon motar, ba ta gane ta ba. Sai da ya sauko.

"Kai ne? To ina ka shiga?"

"Hanya aka canza mana, Inna."

"Hanyar tana nan inda ka bar ta. Ni ban ga ta motsa ba."

Ya shigar da katifar, ya haska lambar, ya dawo ya zauna. Ta sa aka dafa shayi. Bai kai rabin kofi ba na'urar ta fara ƙara a aljihunsa. Inna ba ta ji ba, tana ba shi labarin yadda marigayiya ta taɓa ɗinke hannun rigar fasmasta don ya hana ta wasa da hatimi. Ya san labarin, ya bar ta ta kai ƙarshensa. Ya ɗora tafin hannu a kan aljihun har na'urar ta gaji ta yi shiru.

Washegari aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko a duk aikinsa. Ogan ya miƙa masa yana kallon ƙasa.

Har yanzu yana tuƙi, ritayarsa sai baɗi. Na'urar ba ta sake tura shi can ba. Kwanan baya ya ce wa 'yarsa in ya ajiye aiki zai nemi ɗakin haya a unguwar kakarta.

"Baba, me za ka yi a can? Ko kasuwar kirki babu."

"Da hantsi zan fito in bi ta ƙofar gidan," in ji shi. "In ta ce in zauna, in zauna."