Iskar da Oom Stoffel Ya Saya

Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel da yarenmu, yayan mamata ne, kuma tunda nake ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki iska da zafi kamarsa ba. Kowa a garinmu Mariental ya san shi. Tun yana saurayi ya shiga aikin jirgin ƙasa, ɓangaren masu duba birki, bai fito ba sai da gashin kansa ya ƙare tas. Birkin jirgi da iska yake aiki, don haka aikinsa shi ne ya bi tarago ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Da ya ji "tsss" sai ya nemo inda take zurarewa ya toshe.

Aikin nan ya biyo shi har gida. Gejin auna iska ba ya barin aljihun rigarsa, ko coci zai je. A wajen bikin wata 'yar'uwarmu wani ya buɗe lemon kwalba a bayansa, wallahi sai ga Oom ya juyo a firgice yana laluben sufana a cikin kwat. Mu da muna yara ba ma yarda mu buga ƙwallo a ƙofar gidansa, don sai ya karɓa ya matsa ta da babban yatsa, ya tambayi wa ke kula da ita.

Matarsa Tannie Griet, wato Anti Griet, ƙatuwar mace ce mai sanyin hali, gasa burodi take yi ana saye. Ba ta da yawan magana. Abu ɗaya ta daɗe tana roƙo, a kai ta bakin teku lokacin hutun Kirsimeti kamar yadda ake kai matan mutane. Kullum amsarsa ita ce sai ya yi ritaya.

Da ya yi ritayar, sai ya kwashi kuɗin sallamarsa kaf ya sayo tsohuwar mota mai ɗaki a hannun wani tsohon Bajamushe. Akwai gado a ciki, da kicin, da ɗan banɗakin da in ka shiga sai dai ka fito da baya. Ba su da wata dukiya a duniya bayan ita sai gidan da rufinsa ke yoyo. Da suka shirya tafiya bakin tekun, Mama ta ce in bi su in riƙa taya Tannie aiki, tunda ba abin da nake tsinanawa a gida sai latsa waya.

A birnin Windhoek muka tsaya canza taya. Nan wani mai shago mai zaƙin baki ya kama Oom, ya ce masa ai manyan mutane sun daina shan iskar gari, yanzu naitirojin ake yayi. Wai ita ake ɗura wa jiragen sama da motocin tsere, ba ta ɗaukar zafi, kuma ba ta saurin zurarewa. Ba ta zurarewa ɗin nan kawai Oom ya ji. Na ga idonsa ya kawo ruwa kamar an ce masa an haifa masa jika. Aka fitar da iskar tayoyin gaba ɗaya, aka cika su da iskar kuɗi, aka ɗaura wa kowane bawul koren murfi.

Ni dai bakina ba ya shiru. Na ce masa ko ni da ban yi nisa a makaranta ba na tuna an ce yawancin iskar da muke shaƙa ita ce wannan abar, to me aka sayar masa?

"Ke Lenchen, iskar gari kowa ya shaƙa ya fitar," in ji shi. "Har jakuna. Tawa ba ta taɓa shiga hancin kowa ba."

Tannie ta ce in bar shi, gara iska da giya.

Haka muka yi ta tafiya har garin Henties Bay da ke bakin teku. Duk inda aka tsaya shan shayi sai ya zagaya motar da geji, ya dawo yana murmushi shi kaɗai. Washegari da safe ya ce ba zai ajiye matarsa a sansanin masu hutu cikin hayaƙin masu gasa nama ba, har gaban ruwa zai kai ta, ta buɗe ƙofa ta ga teku.

To kowa ya san kafin a sauka kan rairayi ana tsayawa a rage wa taya iska, ta yi faɗi, ta daina nutsewa. Inda hanya ta ƙare muka tarar da masu kamun kifi sun jera motocinsu, kowa ya tsuguna a gindin tayarsa, ba ka jin komai sai tsss ta ko'ina. Oom ya dube su kamar ya shiga mayanka. Ya ɗaga gilashi, ya taka mai, ya wuce su. Suka miƙe suna ɗaga mana hannu, shi ma ya ɗaga musu, wai mutanen nan akwai fara'a.

Mun ɗan yi nisa kam, don ruwa ya janye, wurin da ɗan tauri. Sai motar ta fara gurnani, ta yi gaba kaɗan, ta zauna. Oom ya ƙara mai, tayoyin baya suka haƙa wa kansu rami har cikin motar ya kusa taɓa ƙasa.

Tannie ta buɗe ƙofa, ta fito da kujerarta, ta kafa ta tana fuskantar ruwa. Ita abin da ya kawo ta ta samu.

Wani mai kamun kifi ya biyo mu da akori-kurarsa, jan mutum mai tumbi da gajeren wando, ya ce sunansa Wimpie. Ya gaida Oom da ladabi, sannan ya faɗa masa gaskiya: ruwa ya fara dawowa, kafin azahar inda motar nan take ruwa zai kai ƙirji, kuma motar da ruwan gishiri ya shiga sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Ya ce zai ja mu, amma ba zai iya da wannan nauyin ba sai an sassauta tayoyin sosai.

Oom ya nuna masa koren murfi. Wimpie ya ce ya gani, yana da kyau, a cire.

Sai Oom ya ce akwai wata dabara. Muka yi haƙa da faranti da murfin tukunya. Muka cusa tabarmar ƙofa a ƙarƙashin taya, taya ta tauna ta ta tofar. Ni ina haƙa ina zage-zage ƙasa-ƙasa, rairayi har cikin rigar mama. Duk lokacin da na ɗago sai in ga ruwan ya ƙara matsowa. Har ya zo ya lashi ƙafar kujerar Tannie, ta ja baya kaɗan ta sake zama.

Da Oom ya shiga ya fito da tiren da take gasa burodi zai sa a ƙarƙashin taya, a nan ne ta yi magana, ko juyowa ba ta yi ba.

"Stoffel, ajiye min tire. Ka saki iskar nan, ko in zo in sake ta da wuƙar burodi."

Ya tsaya da tire a hannu. Ya dubi motar, ya dubi ruwa. Na ɗauka zai yi kuka. Can sai ya ruga ciki, ya fito da katifar roba da ake hurawa, wadda ni nake kwana a kai a ƙasan motar. Ya buɗe ta, ya sa ni da Wimpie muka yi ta birgima a kai har iskar da na hura jiya ta fita duka, don kar ta gurɓata masa tasa. Ya ciro tiyon famfon iska, ya haɗa baki ɗaya da bawul, ɗaya da katifa, ya naɗe da tef. Wai ajiya zai ba ta, in mun fita ya mayar da abarsa.

Wimpie ya tambaye ni a hankali ko Oom yana shan wani magani da aka manta ba a ba shi ba. Na ce a'a, haka Allah ya yi shi.

Abin haushi, dabarar ta yi aiki. Katifa ta fara tashi. Taya biyu suka cika ta tam har tana ƙara kamar za ta fashe. Sauran kuwa babu inda za a zuba, ga ruwa ya fara zagaye ƙafafunmu. Oom ya miƙo min geji, ya ce in yi, shi ba zai iya ba. Ya juya baya ya toshe kunnuwansa da yatsu, ni kuma na tsuguna cikin ruwa mai sanyin tsiya ina sakar wa kifaye iskar kuɗi.

Wimpie ya ɗaura igiya. Oom ya hau, Tannie ta shigo da kujerarta da tirenta, ni ina turi ta baya. Motar ta yi nishi, ta girgiza, ta fito daga ramin, ba ta tsaya ba sai kan tudu. Ruwa bai wuce tayoyi ba. Oom ya sauko yana shafa jikinta.

Sai ya tuna da katifa.

Muka juya gaba ɗaya. Ga ta can, shuɗiya, igiyar ruwa ta ɗaga ta tana lilo da ita, tana ƙara nisa. Oom ya fara tuɓe takalmi, Tannie ta riƙe masa bel ta baya da hannu ɗaya. Haka ya tsaya yana kallo har ta zama ɗan ɗigo.

"Dubi yadda take tafiya," ya ce da muryar tausayi. "Ko lanƙwasa ba ta yi ba. Da iskar gari ce da tuni ta nutse."

A gidan mai na cikin gari aka cika mana tayoyi kyauta. Oom bai sauko ba, ya ce kansa na ciwo. Tannie ta sayi kifi a hannun Wimpie ta gasa mana, ta ci fiye da kowa, ta ce gobe ma za ta koma bakin ruwa amma da ƙafa. Ba wanda ya tambayi inda zan kwana. Har hutun ya ƙare a kujerar direba nake barci, sitiyari na tokare min ciki.