Kyamarar da Na Ɓoye wa Maƙwabcina

Ko da tsufa zai share mini komai na shekarun da na yi a kan keken ɗinki, ranar da na fito da hoton maƙwabcina a bainar jama'a a Sabon Gari ba za ta bar raina ba. Yanzu idan na shiga shago na ga 'yar kyamara maƙale a sama tana kallon mutane, samari suna ta yi mini bayaninta kamar sabon abu, sai in yi dariya a raina. Ni na kafa tawa tun a shekarun saba'in, ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba, kuma ba ɓarawo na kafa wa ba.

Lokacin ina da shagon ɗinki a wani layi da ke bayan kantin PZ. Tela ne ni ɗan tela, kaftani da jamfa da wandon ma'aikata su ne aikina, kuma ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman makaranta duk wurina suke zuwa. Jikin shagona akwai na wani tela, Kirista daga kudancin Zazzau, wanda na girma da shekara shida ko bakwai. Da ya zo gari ba shi da komai sai kekensa da akwatin ƙarfe ɗaya. Ni na samo masa shagon, ni na tsaya masa wurin mai gidan, don haka Yaya yake ce mini. Muna da wani tsari da duk layin ya sani: ranar Juma'a idan zan tafi masallaci sai in miƙa masa makullina, duk wanda ya zo karɓar ɗinki ya buɗe ya ba shi, ranar Lahadi idan zai tafi coci shi ma ya miƙo mini nasa. Shekara biyar muna haka, ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

Sai ga yayin wandon nan mai faɗin ƙafa da ke share ƙasa ya shigo. Ni dariya na yi masa, na ce wannan ai siket ne aka raba biyu, ba zai yi wata uku ba. Shi kuwa maƙwabcina ya zauna ya koyi yankansa har ya ƙware. Kafin in ankara ɗaliban jami'a sun gano shi. Su cika bas daga Samaru, su sauko suna haɗa Hausa da Turanci, su wuce ƙofata su yi cincirindo a tasa. Wasu su ɗaga mini hannu su ce sannu Baba, ni da ban kai arba'in ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bencina. Idan wurin zama ya ƙare a wurinsa sai su zo da ladabi su ce a ara musu benci, su ja shi zuwa ƙofarsa, in zauna ina kallon bayansu a kan katakon da na saya.

Ba zan yi wa kaina ƙarya da furfura a kaina ba, hassada ce ta kama ni, tsagwaronta. Ya sayi rediyo, na ce sautinta ya cika ƙara. Ya sake fentin allon shagonsa, na ce launin na 'yan ƙauye ne. Idan aiki ya yi masa yawa ya kawo mini wasu yaduka ya ce Yaya taimaka mini, sai in ji kamar sadaka ya ba ni, in karɓa ina murmushin dole. Ko dariyarsa na jiyo ta bango sai in ga kamar da ni ake.

Cikin wannan hali na fara lura da wani abu. Duk Juma'ar da na dawo daga masallaci sai in tarar an ja kujerata baya, shi kuma ya fi ni tsawon ƙafa. Wata rana na taɓa keken na ji shi da ɗumi. Wata rana kuma na bar farin zare a allura na dawo na sami ruwan toka. To, nan zuciyata ta samu abincinta. Na ce ashe bai ƙoshi da ƙwace mini masu kawo ɗinki ba, har da kekena yake ɗinka wa 'yan bokonsa, don kowa ya san nawa tsohon ƙarfe ne mai kyan ɗinki. Har na fara tunanin ko wani abu yake binne mini a shagon don kasuwata ta mutu. Da na gaya wa matata, sai ta ce ai mutumin nan bango ɗaya ne tsakaninku, ka tambaye shi mana. Na ce ba ta san komai ba. Gaskiyar magana ba amsa nake so ba, so nake in kama shi.

Ƙanen matata yana aiki a wurin binciken aikin gona da ke Samaru. Ya taɓa ba mu labarin yadda suke ɗaukar hoton tsuntsayen da ke cin dawar gwaji: a ɓoye kyamara a cikin ciyawa, a ɗaura mata zare, tsuntsu na sauka a kan kara zaren ya ja, ta ɗauka. Ranar wata Asabar na hau bas har Samaru. Na same shi yana da wata tsohuwar kyamara tasa ta kansa, wadda wani Bature ya bar masa da zai koma gida. Ya tambaye ni wa nake son kamawa, na ce ɓarawo ne yake mini ɗauki ɗai-ɗai. Ya nuna mini yadda ake ɗaura zaren, ya ce hoto ɗaya take ɗauka sai an sake murza fim, kuma in bar taga a buɗe don haske. Na rungumo ta a cikin jaka na dawo, ina jin kaina wani babban ɗan sanda.

Da safiyar Juma'a, kafin maƙwabcina ya iso, na huda kwalin maɓallai na sa kyamarar a ciki, na ajiye a kan kanta tsakanin yaduka, idonta yana kallon kujerata. Na bi bango da baƙin zare har ƙasa na ɗaura a matakin keken, yadda duk wanda ya taka zai ja shi. Ƙarar ɗaukarta ba ta dame ni ba, don akwai injin niƙa a tsallaken layi da ba ya barin kowa ya ji komai. Da azahar ta gabato na yi alwala, na leƙa shagonsa na miƙa masa makulli kamar kullum, har da zolaya wai kada ɗalibansa su cinye mini benci. Ya yi dariya ya ce a yi mana addu'a. A masallaci kuwa, Allah Ya gafarta mini, ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba, hankalina yana kan zaren nan.

Juma'a uku na yi haka, kuma duk ukun na dawo na tarar zaren ya ja. Ban iya jiran fim ya cika ba, na kai wa wani mai hoto kusa da tasha ya wanke. Na farko ya fito dishi-dishi, na biyu kafaɗa kawai ya kama. Na ukun kuwa ga mutumina zaune a kujerata, ya sunkuyar da kai, wando a ƙarƙashin allura. Wallahi daɗi na ji, irin daɗin da ban ji ba tun da aka fara yayin wandon nan.

Da ina da hankali da na kira shi gefe. Amma sai na jira safiyar Litinin, lokacin da ɗalibai suka cika ƙofarsa, mai injin niƙa da mai goron layinmu suna tsaye. Na fito da hoton na ɗaga. Na ce jama'a su zo su ga amanar da ake ci, mutumin da na samo wa wuri, na ba shi makullina, ga abin da yake yi idan na tafi gaban Ubangijina. Na faɗi maganganu da yawa da ba zan maimaita su a nan ba. Hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ɗalibai suna mamakin yadda aka yi aka ɗauka, har ya iso gare shi.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗago ya ce, “Yaya, ka duba wandon da kyau?”

Na ce na ga abin da nake buƙatar gani.

Ya kalli mutanen da suka taru, ya kalle ni, sai ya ce, “Ni ne. Ka yi haƙuri.” Ya miƙo mini hoton, ya ɗauko bencina da kansa ya mayar ƙofata, ya koma ya ci gaba da awon wani ɗalibi. Ranar Lahadi bai kawo mini makullinsa ba. Ƙarshen wata ya kira motar akori-kura ya kwashe kayansa, aka ce ya sami shago a Samaru kusa da masu ba shi aiki. Na tsaya a ƙofa ina kallo, ina gaya wa kaina na rabu da ƙaya.

Na ɗauka ɗalibai za su dawo kaina. Ko ɗaya bai zo ba. Maimakon haka nawa mutanen suka fara dawo da ɗinki. Wannan ya ce aljihu ya karkace, wancan ya ce kalmasa ta tattare, wani ya ce hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ina ta faɗa da su ina cewa su ne ba su iya sa kaya ba. Sai wata rana wani hedimasta da ya daɗe yana kawo mini ɗinki ya zo da wandonsa, ya zauna, ya ce zai gaya mini wata magana ko da zan ji haushi. Ya ce tun bara ɗinkina ya fara karkacewa. Wata Juma'a ya dawo da wando a fusace bai same ni ba, sai maƙwabcina ya roƙe shi ya bar masa, kada ya gaya mini, zai gyara. Daga nan duk wanda ya zo da ƙorafi sai maƙwabcin nawa ya ce masa ya dawo ranar Juma'a da rana. Har kayan da na gama na rataye yakan duba, ya farke inda ya karkace ya sake bi. A kekena yake yi kuma da zarena, domin kowane keke da irin tafiyar ɗinkinsa, idan ya yi a nasa zan gane. Hedimasta ya ce, a ganinsa idona ne, in je a duba.

Na san idona ne. Na yi fiye da shekara ina fama kafin in zura zare a allura, ina ɗora laifin a kan hasken shagon. Na je asibiti aka auna ni aka ba ni tabarau. Ranar da na sa shi na zauna a kan keke, na ɗauko rigar da na gama jiya na duba ɗinkin, ga shi kamar tafiyar maciji a kan yashi, sai kunya ta rufe ni. Sannan na buɗe aljihun tebur na ciro hoton. Wandon da ke ƙarƙashin allurar mai gida-gida ne, yadin hedimasta, ni na yanka shi da almakashina. Yana nan a fili tun ranar farko, ni ne ban iya ganinsa ba.

Washegari na rufe shago na tafi Samaru. Na same shi a sabon wurinsa, ɗalibai sun cika ƙofa. Yana hango ni ya tashi, ya kalli tabarau ɗin ya ce ya yi mini kyau, ya sa aka kawo mini ruwa, ya shigar da ni ciki. Na roƙe shi gafara. Na tambaye shi me ya hana shi faɗin gaskiya ranar nan.

“A gaban mutane, Yaya? Da na ce idonka ne, wa zai sake kawo maka yadi?”

Na ce ya dawo, shagon yana nan ba a kama ba, ni zan sake yi wa mai gidan magana. Ya girgiza kai. Ya ce ya yafe mini tun tuni, zagin ma bai riƙe ba, don kowa yana iya fushi.

“Abin da na kasa mantawa shi ne Juma'a ukun nan. Kana ba ni makulli da hannunka kana yi mini dariya, ashe tarko ka bar mini a ciki.”

Mun ci gaba da gaisawa har ƙarshen rayuwarsa, ina zuwa masa Kirsimeti yana zuwa mini Sallah, amma bai sake zama kusa da ni ba. Wanda ya kama shagon bayansa mai sayar da fenti ne, kuma tun daga lokacin idan zan tafi masallaci sai in kulle in tafi da makullina a aljihu.

Abin da na koya ya zo mini da tsada. Kyamarar ba ta yi mini ƙarya ba, abin da ya faru ta ɗauka, amma ba ta gaya mini dalili ba, kuma hassadata ce ta cike sauran. Wanda zai kafa ta don ɓarawo ya kafa, ba laifi. Amma idan wanda kake zargi mutum ne da za ka iya buɗe baki ka tambaya, to ka tambaye shi tukuna. Ni taku biyar ne tsakanin ƙofata da tasa, na ƙi yin su, na tafi har Samaru neman kyamara, kuma can ɗin na kora shi.