Kusinen da Yaya Idi ya ƙi mayarwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Idi, direban motar kasuwa a ƙauyenmu da ke kusa da Kanambakashe. Ni ƙanwarsa ce, ina aure a Tasawa. Duk sanda damina ta kankama aka shiga noma, sai zancensa ya dawo mini sabo, tare da wata tambaya da har yau ban sami amsarta ba.

Motarsa tsohuwar a-kori-kura ce, kuma a lokacin ita kaɗai ce a garin. Ita ke kai hatsi da awaki kasuwa, ita ke ɗaukar mai naƙuda ko mara lafiya zuwa likita, wato asibiti, a Mayahi. Yaya bai taɓa kai ta garaji ba. In ta yi ciwo, a tsakar gida yake kwance ta, ƙarƙashin itacen bedi, ya shimfiɗa tabarma ya jera kayan cikinta kamar mai shanyar kuɓewa.

A daminar da ya rasu na je gida ganin Inna, na tarar ya sauke injin saboda wata ƙara da yake ji in ya hau tudun rairayi. Ina zaune ina tsinke zogale, shi yana wanke wasu ƴan ƙarafa masu lanƙwasa a kwanon isansi, wato fetur. Kusine ake ce musu. Su ne matashin da sandar inji ke juyawa a kai, in sun cinye sai ƙarfe ya ci ƙarfe, injin ya daskare a hanya. Yana ɗaga kowane ɗaya ya duba shi a hasken rana, ya bi cikinsa da farce. Biyu daga ciki farin ƙarfen da ke samansu ya goge, jan ƙarfe ya bayyana, ga zane kamar kaza ta yi tono.

Matarsa Rabi ta ce, "Malam, ka maida su hakanan mana, in an yi kaka ka saya sabbi. Gari ba mota."

Ya ce, "In na maida su za ta tashi, har ta yi wata tana tafiya. Ranar da za ta mace ce ban sani ba, kuma ban san wa zan ɗauko a ranar ba."

Ya ba wani mai zuwa Maraɗi saƙo, ya rufe injin da buhu, ya ɗauki hauya ya koma gona kafin saƙon ya iso. A gonar ne kububuwa ta sare shi a dunduniya, da hantsi. Baburan garin duk sun tafi cin kasuwa. A amalanken shanu muka ɗora shi, ni da Rabi da ƙanen mahaifinmu, muka wuce motarsa tana tsaye a kan duwatsu, baki buɗe. An yi ruwa, hanya ta jiƙe, shanu na tafiyarsu ta shanu. Jini ya fara fita daga dasashinsa muna tsakiyar daji. Ya dube ni ya ce, "Hadiza, kar ki bari Inna ta gan ni haka." Mun isa Mayahi rana ta yi sanyi. Ma'aikatan likita sun yi iya ƙoƙarinsu, amma dafin ya riga mu. Washegari Allah Ya karɓi abinsa. Sabbin kusinen sun iso ana zaman makoki.

An ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Na yarda kwana ne ya ƙare, ba wanda zai ƙara masa ko daƙiƙa. Amma zuciya ba ta jin wa'azi kullum. Rabi ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba, sau ɗaya dai ta ce mini, "Da ya ji maganata, da motar ta kai shi." Gaskiya ta faɗa. Shi ma kuwa gaskiya ya faɗa.

Yau motar tana hannun ɗansa Lawali, magidanci mai ƴaƴa biyu. Zamani ya sauya: babura sun cika gari, kayan gyara sun yi tsada, na jabu sun fi na kirki yawa, kwalinsu ɗaya, ba ka ganewa sai sun narke. Bana Lawali ya buɗe injin a inda ubansa ke buɗewa. Ya ga jan ƙarfe ya fara leƙowa a kusinen, ya goge, ya shafa mai, ya mayar, ya ɗaure kafin la'asar. Na ce, "Lawali, haka babanka ya koya maka?" Ya ce, "Gwaggo, ni motata ba ta kwana a buɗe. Kin san dalili." Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya gani. Na san zai ɓata rai, wataƙila ya karɓe sifana ya kwance da kansa. Abin da ban sani ba shi ne ko tafiyar amalanken nan ta sauya masa ra'ayi. Bai yi zancen motar ba ko sau ɗaya a hanya. Kuma duk ranar kasuwar da na ji Lawali ya ɗauko mata da jarirai, gabana sai ya faɗi.

Bai bar gidan siminti ba, bai bar garke ba. Kwanakin baya a kasuwar Mayahi wata Bafulatana mai sayar da nono ta gane ni, ta riƙe hannuna ta ce ɗanta na fari sunan Yaya ya ci. Naƙuda ta zo mata da gardama a ruga, shi ya ɗauko ta, motar ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar likita. Ta ce irinsu suna da yawa a rugagen yankin. Na karɓi ƙwaryar nonon da ta ba ni, na kasa sha. Duk wanda ya hau motar Yaya Idi ya isa inda za shi a kan lokaci. Shi kaɗai ne bai samu ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya tsare Lawali da waɗanda yake ɗauka.