Ranar da Amani Ya Wanke Ƙafar Gada

Amani mai yaɓe bai taɓa shan shayi kofi uku a zaune ba. Na farko a tsugune yake sha, na biyu a tsaye, na uku kuwa sai dai a bi shi da shi bakin ƙofa. Matarsa Biba takan ce tabarmar da ta zo da ita ranar aure har yau sabuwa ce ta gefensa. Ya yi haƙar rijiya a Cake, ya yi dakon albasa a Agadas, ya je Libiya ya dawo da rediyo da ciwon baya. Abin da ya zauna masa a hannu shi ne yaɓe. In ya shafe rumbu, ƙadangare ma sai ya yi shawara kafin ya hau. Duk ƙauyukan da ke cin kasuwar Urafan sun san hannunsa.

Garinsu kuwa ƙorama ce ta raba shi da hanya. In ta kawo da damina, sai a kwana uku ba mai haye ta. A bakinta ɗiyarsa Hindatu ta yi haihuwar fari, ƙarƙashin gawo, gidan likita na can ƙetare, Amani na kai da komo a gaɓa har ya yi wa ƙasa gurbi. Shekara ashirin ana roƙon gada. Da gwamnati ta tashi bayarwa, wani ɗan kwangila Alhaji Bature ya zo da motoci da ƙarafa da tumbinsa. Ba wanda ya ɗauki Amani aiki, amma kullum yana wurin, yana leƙa kwaɓi, yana murza yashi.

"Baba, matsa," in ji magina. "Wannan ba laka ba ce."

Aka gama gada, fara tas. Sati biyu ba su cika ba ƙafar tsakiya ta tsage daga sama har ƙasa. Amani ya zura hannu, ya shige har wuyan hannu, ya fito da yashi yana zuba kamar garin gero.

Sai ga saƙo daga meri, ofishin magajin gari, wai ran Alhamis mai duban aikin gwamnati zai zo daga Maraɗi. Maigari Na Allah ya tara dattawa.

"Baƙo na tahe," ya ce. "Wa ya taɓa sauke baƙo a ɗakin da ya tsage? In ya ga wanga abu, cewa zai yi amalankenmu suka fasa, ba mu iya riƙon kaya ba. Famfon da suka yi muna alkawari sai su kai garin Kona."

Dattawa suka gyaɗa kai, don gyaɗa kai ba ya cin ƙarfi. A wurinmu haka ake yi: baƙo zai zo, a share, a yaɓe, a ɓoye tsummoki. Mata suka ɗau tsintsiya. Tsaga kuwa aka ce ta Amani ce.

Ya kwaɓa laka da toka, ya kakkaɓe tsofaffin buhunan siminti a ciki don launi. Wuni biyu yana cusawa yana shafewa, yana ja da baya yana karkata kai. Da ya gama, shi kansa sai da ya lalubi wurin. Ya koma gida yana taku ɗai-ɗai.

"Yau dai ka yi wa gwamnati kwalliya," in ji Biba. "Saura ka sa mata kwalli."

Alhamis baƙo ya iso da hantsi, Mushe Sufyan, don Mushe ake ce wa ma'aikaci a wurinmu, siriri, da ƴar guduma a hannu da takardu a hammata. Aka yanka zakara, aka dama fura. Ya bi saman gada yana ƙwanƙwasawa, Alhaji Bature na biye yana yi masa fifita da hula. Ya sauka ƙasa, ya zaga ƙafafu, ya shafa ta tsakiya.

"Wannan ta fi sauran kyau," ya ce. Ko gudumar bai ɗaga mata ba. Karatu dai ya yi, ba a hana shi.

Amani ya ji daɗi har kunnensa ya motsa. Aka koma inuwa, Mushe ya buɗe takarda a kan gwiwa.

"To, jama'a, kafin in sa hannu. Duk aibin da aka nuna mini yau, Alhaji ne zai gyara, dole. In na sa hannu, gwamnati ta karɓa, gobe ya kwashe kayansa ya nufi Mayahi. Akwai wanda ya ga wani abu?"

Dattawa suka kalli maigari. Ashe abin a juye yake.

"Sai alheri, ranka shi daɗe," in ji maigari, idonsa a kan takalminsa. Ya riga ya ce a yaɓe, kuma ya ci rago biyu na Alhaji.

Amani ya tashi. Ya zauna. Ya sake tashi. Ya san laka, ya san ruwan fari in ya taho da itace da mushen akuya. Ya san Hindatu na da wani cikin, watan haihuwarta tsakiyar damina. Ga Biba ta taho da tulu a ka don baƙi su wanke hannu. Ya sauke mata shi, ya gangara da shi.

"Malam, ina za ka da ruwan mutane?" in ji Biba.

Ya sheƙa wa ƙafar tsakiya tulun duka, ya bi da tafin hannu. Simintin gwamnati ya narke, ya gangaro ja. Tsaga ta buɗe baki.

Mushe Sufyan ya sauko, ya zura gudumarsa, ta ɓace har ƙota.

"Wa ya rufe wannan?"

"Ni ne," in ji Amani.

"Alhaji ya sa ka?"

"A'a. Kunyarka muka ji."

Mushe ya mayar da biro aljihu.

Ba a sa hannu ba. Aka sa Alhaji ya rushe ƙafar, aikin ya ja har ruwa ya sauka. Daminar nan da ƙafa aka yi ta haye ƙorama, kowa ya jiƙa wando sai ya ambaci sunan Amani, ba da addu'a ba. Hindatu tun da saura wata guda ya kai ta wurin ƙanwarsa a Tasawa, can ta sauka lafiya. Maigari bai amsa gaisuwarsa ba sai da babbar salla, ita ma da hanci.

Yanzu gada na tsaye, amalanke na bi. Amani bai samu zama ba. Kowace safiya sai ya gangara da dutse a hannu, ya bubbuga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunne. Rumbu yana yaɓewa har gobe, amma in mai rumbu ya ce a rufe tsaga kawai, sai ya tattara kayansa.

Biba ta ce gwamnati ta samu mai gadi kyauta, ita kuwa har yanzu tana jiran wanda zai yaɓe mata bangon madafa.