Idon Hagu na Karen Gonarmu

Shekarar da na karɓi gonar shinkafar mahaifina a fadamar Zauro, har da kare aka miƙa mini. Ja ne mai tsinin kunne, aikinsa gadin injin ban-ruwa. Ba a kawo shi gida Birnin Kebbi, don gidanmu gidan karatu ne, zauren Baba ba ya rabuwa da masu ɗaukar darasi. Nakan kai masa ƙanzo da kan kifi, in zuba masa daga tsaye in wuce. Ban taɓa sa hannu a jikinsa ba.

Da rani ya tsaga sai na ga idanunsa sun yi ja, kwantsa mai kauri ta liƙe su, yana ta goga fuska a ƙafarsa. Na ɗauka zai wuce, bai wuce ba. Maƙwabcin gonata, wani Bayarabe mai shagon taki da ya daɗe a garin, shi ya matsa mini, har ya kawo a-kori-kurarsa muka kai karen wurin wata likitar dabbobi.

Likitar ta saƙala 'yar siririyar takarda a gefen idonsa, bayan minti ɗaya ta zare ta nuna mini. Da ƙyar ta jiƙe. Ta ce idon ya daina yin hawaye isassu, kuma irin wannan ciwo lallaɓa shi ake yi, ba kasafai yake rabuwa da dabba ba. Kullum in goge kwantsar da auduga da ruwan ɗumi, in ɗiga masa wani magani mai maye gurbin hawaye, in sa wani man shafawa a cikin idon safe da yamma. In na yi sakaci, in ji ta, idon zai yi gyambo ya rufe.

Kwana huɗu ina yi. Sai na tsuguna, na riƙe haɓarsa, na buɗe fatar idon da yatsa, shi kuwa ya lashe mini hannu. A rana ta biyar wasu manoma biyu daga Ambursa, ɗaliban Baba ne, suka biyo ta gonar a kan babur suka same ni a haka. Ɗayan ya yi sallama yana danne dariya, ya ce ashe ɗan Malam ya zama likita.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma daga ranar na koma matsa kwalbar maganin daga tsaye, maganin ya sauka a hanci ko a ƙasa. Can kuma na bari gaba ɗaya. Maƙwabcina ya tambaye ni sau biyu, na ce ana yi.

Bayan wata ɗaya da rabi na ga karen ya yi karo da bututun injin. Na leƙa, idon hagu ya yi fari fat.

Da muka koma, likitar ta ce in ba ta kwalbar. Ta ɗaga ta a haske, ko rabin maganin ba a yi amfani da shi ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce na hagu ya tafi, sai mu yi ƙoƙarin na dama.

Labari ya kai wa Baba, ya kira ni bayan la'asar. Na shiga da shirin ba da haƙuri a kan taɓa kare. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi da kansa ya ajiye karen don gadin gona, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙinta na wuyansa.

"Mi ya hana ka wanke hannu in ka gama?" in ji shi. "Ruwan gulbin Rima sun ƙafe?"

Ban iya ɗaga kai ba. Wanda nake jin kunyar a kai wa labarina, ashe shi ne ba ya ganin abin kunya a ciki. Tsoron bakin mutum biyu kawai na ji, kare ya biya da idonsa.

Karen ya ƙara shekara uku a gonar. Safe da yamma nake zuwa da auduga da ruwan ɗumi, in tsuguna ko wa ke wucewa. Na dama bai rufe ba. Sai dai in na ɓullo ta hagunsa yakan zabura ya juyo da kai gaba ɗaya, don haka na koyi zagayowa ta dama, ina yi masa magana tun daga nesa.